Kafa Cajar Motar Lantarki a Gida: Inda Kuɗin Ke Tafiya

Mai sabuwar motar lantarki yakan fara da tambayar nawa ake sayar da caja. Kuɗin akwatin da ake mannawa a bango kuwa shi ne mafi sauƙin sani a duk aikin. Gidaje biyu a layi ɗaya za su iya sayen caja iri ɗaya a shago ɗaya, na farko ya gama da waya mita biyar da bireka, na biyu kuwa sai ya fasa intalok, ya canja mitar wuta, ya haƙa ramin atin, inda ake kafa sandar da ke haɗa wayar ƙasa da ƙasa, abin da ya kashe ya ninka kuɗin cajar. Abubuwa uku ne ke yanke farashi: nisan inda mota ke kwana daga akwatin birekokin gida, ƙarfin wutar da ke shigowa, da kuma ko gidan yana da wayar ƙasa ta gaskiya.

Fara da motar, ba da shago ba

Ainihin cajar tana cikin motar. Akwatin bango aikinsa ya gaya wa motar iyakar amf ɗin da za ta ja, wato yawan wutar da za ta bi waya, ya ba ta wuta idan komai daidai ne, ya yanke idan an sami matsala. Saboda haka motar da cajarta ta ciki ke karɓar kilowat 6.6, kamar yawancin Nissan Leaf, ba za ta wuce haka ba ko da an saya mata akwati mai kilowat 22.

Motocin da ke shigowa Najeriya daga wurare uku suke, kuma kowane wuri da irin bakinsa. Yawancin na Amurka da Japan suna da Type 1, ban da Tesla ta Amurka da ke da nata bakin daban. Na Turai suna da Type 2. Waɗanda aka ƙera don kasuwar China, kamar yawancin BYD da ake shigowa da su kai tsaye, suna da GB/T. Bakin GB/T yana kama da Type 2 a ido, amma ba sa shiga juna, kuma wannan kamannin ya sa mutane da yawa sayen abin da ba zai yi musu aiki ba. Ka buɗe murfin motarka, ka ɗauki hoton bakin, ka tafi da shi.

Idan motar daga Amurka ta zo da 'yar cajarta a but, ka karanta rubutun bayanta kafin ka soka ta a soket. Da yawansu don bolt 120 aka yi su, wutarmu kuwa 230 ce. In ba a rubuta cewa tana ɗaukar har 240 ba, za ta ƙone.

Wane girma kake buƙata

A wutar fes ɗaya, wato wadda ke shigowa gida ta waya ɗaya mai wuta, amf 10 yana ba da kilowat 2.3, amf 16 yana ba da 3.7, amf 32 kuma 7.4. A fes uku, amf 16 kilowat 11 ne, amf 32 kuma 22. Matsakaiciyar mota tana shan kamar yunit 16, irin wanda mitar wuta ke ƙirgawa, a kilomita 100. Mai yin kilomita 50 a rana yana buƙatar yunit 8, a ce 9 daga mita, don kusan kashi ɗaya cikin goma yana tafiya a zafi. A kilowat 2.3 wannan awa huɗu ne, a 3.7 awa biyu da rabi, a 7.4 kuma awa ɗaya da kwata.

Ke nan a unguwar da wuta ke kwana, amf 16 ya ishi yawancin mutane, kuma yana rage kuɗin waya da na komai. Dalilin da zai sa a nan ƙasar a nemi 7.4 shi ne ƙarancin awoyin wuta. Tsarin NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, ya yi wa unguwannin Band A alkawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Wanda ke samun awa huɗu yana son ya kwashi abin da zai iya kafin a ɗauke. Sai dai unguwannin da ke da ƙarancin awoyi su ne kuma galibi masu taransifoma da ta gaji, inda wuta ke zuwa ba ƙarfi. Shi ya sa mafi dacewa ita ce caja mai amf 32 da ake iya sassauta ta zuwa 16 ko 10 ko 6 da maɓalli. Wannan maɓallin ya fi manhajar waya da duk wani ado amfani.

Akwai tarko a fes uku. Caja mai kilowat 11 tana ba da amf 16 ne a kowane fes. Motar da ke karɓar fes ɗaya kaɗai, wato duk masu Type 1 da yawancin masu GB/T, za ta samu 3.7 kawai daga gare ta, rabin abin da caja mai 7.4 mafi araha za ta ba ta. Ga shi kuma faɗuwar fes ɗaya cikin uku ba baƙon abu ba ne a layukanmu.

Farashin akwatin kansa yana bin dala. Caja ta hannu da ake naɗewa a sa a but, ƙirar China, ana samun ta daga kamar dala 100 zuwa 300. Ta bango mai kilowat 7 marar manhaja ta ɗan fi haka. Wall Connector na Tesla ya yi ta kaiwa da komowa tsakanin dala 400 da 550 a Amurka cikin shekarun nan, masu suna irin su Wallbox da Zappi kuma sukan haura haka. Sai ka ɗora kuɗin dako da na kwastan. A Ingila, caja da aikin kafa ta a gidan da ba shi da wata matsala sukan tsaya wajen fam 800 zuwa 1,200. A can kuɗin ma'aikaci ne mai tsada. A nan jan ƙarfe da gyaran abin da aka tarar a gidan ne ke cinye kuɗi.

Gidan zai iya ɗauka?

Kafin a sayi komai, mai wayarin ya duba abu huɗu. Na farko fuskar mitar wuta, inda aka rubuta iyakar amf ɗinta, yawanci 60 ko 80 ko 100. Kamfanin rarraba wuta kuma yana iya saita wa mitar kati iyakar lodin da ta gaza wannan, ta riƙa yankewa da an wuce. Na biyu fis ɗin da ke gaban mitar. Na uku wayar da ta sauko daga turke, wadda galibi alminiyom ce, da mahaɗinta a sama, inda tsatsa ke taruwa. Na huɗu ƙarfin bolt da ƙarfe takwas na dare, lokacin da kowa ya kunna kayansa, ba da hantsi ba.

Lissafin mai sauƙi ne. Mitar amf 60, caja ta ɗauki 32, saura 28. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi tana jan amf 5 zuwa 6, hitar ruwan wanka kusan 9, tukunyar dafa ruwa kusan haka, ga famfon burtsatse. Gida mai na'urorin sanyi uku ya cika 28 tun kafin a ɗora ruwan shayi. Mafita uku ce: a sassauta cajar zuwa amf 16, wanda ba ya cin ko sisi, a sayi caja mai zobe da ake maƙalawa a babbar wayar gida, tana ganin lodin gidan ya hau ta rage wa motar da kanta, ko a nemi ƙarin lodi ko mitar fes uku daga kamfanin da ke yankinka, AEDC ne ko KEDCO ko Kaduna Electric ko wani. Ta ukun ce mai tsada da cin lokaci. Kada wani ya ba ka shawarar ɗauko wutar cajar daga bayan mita. Sata ce, akwai tara, kuma layin zai zauna ba tare da wata kariya ba.

Idan bolt yana sauka ƙasa da 200 da dare, caja da yawa za su ƙi aiki ko su riƙa tsayawa suna tashi. Sitabilaiza da za ta ɗauki kilowat 7.4 sai mai kVA 10 zuwa sama, kuma tana ƙara jan amf ne daga layin da dama ya raunana. Gara a rage amf, ko a yi caji bayan tsakar dare.

Waya

A nan ya kamata a zauna a yi lissafi, don a nan ake yawan cuta, a nan kuma gobara ke tashi. Caja ba kamar sauran kayan gida ba ce. Dutsen guga yana ja ya huta, firji yana ja ya huta. Mota tana jan amf 32 cur, awa biyar ko takwas ba tsayawa. Duk wani rauni a waya ko mahaɗi zai fito fili.

Littattafan Turai suna cewa waya mai 6mm ta isa amf 32, amma lissafinsu a kan zafin digiri 30 aka yi shi. Wayar 6mm mai rufin roba a cikin fayif tana ɗaukar amf 38 zuwa 41 a wannan yanayin. A digiri 45 ana ninka adadin da 0.79, sai ya koma 30 zuwa 32. Fayif da ya bi ta cikin silin ko jikin katangar da rana ke duka a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu yana kai wannan zafin har ya wuce. Ƙari a kan haka, idan bireka mai amf 40 aka sa, dole wayar ta iya ɗaukar 40 ɗin, in ba haka ba wayar za ta dahu bireka bai faɗi ba. Wayar 10mm tana ɗaukar 52 zuwa 57, bayan an cire na zafi saura 41 zuwa 45. Don haka a Arewa, caja mai amf 32 wayar 10mm take so. Mai amf 16 kuma 4mm ta wadatar da ita.

Nisa ma yana cin bolt. A amf 32, wayar 6mm tana zubar da bolt 0.23 a kowace mita, 10mm kuma 0.14. Tunda wutar da ke shigowa dama ba ta cika ba, a yi ƙoƙari kada asarar ta wuce bolt 7. Wannan ya ba 6mm iyakar mita 30, 10mm kuma kusan mita 50. Abin da ya wuce haka sai 16mm.

Ka auna hanyar da wayar za ta bi da tef, hawa da sauka da kwana duka, ba nisan da ido ya gani ba. Tafiyar mita 20 tana cin waya mita 60, domin uku ne: mai wuta, nutural wadda wutar ke komawa ta cikinta, da ta ƙasa. Ƙara kashi goma na lanƙwasa da ɗauri, ya zama 66. Wannan ne ya sa matsar da wurin ajiye mota kusa da akwatin wuta, in akwai hali, ya fi kowane irin ciniki rage kuɗi. Inda dole a ratsa tsakar gida, a yi amfani da kebul mai sulke, a binne shi zurfin kamar rabin mita a kan yashi, a shimfiɗa ledar gargaɗi a samansa. Fasa siminti ko intalok da mayar da shi aikin birkila ne, kuɗinsa daban, kuma shi ne abin da aka fi mantawa a lissafi.

Sai ingancin wayar. Kasuwa cike take da alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, da wayar da aka rubuta wa 10mm alhali ba ta kai ba, da naɗin da aka ce mita 100 ne amma ya gaza. Ka kankare silin waya ɗaya da wuƙa: in cikinsa fari ne, alminiyom ne. Sannan ka ɗora naɗin a sikeli. Jan ƙarfen da ke cikin mita 100 na 10mm shi kaɗai kusan kilo 9 ne, na 6mm kuma kilo 5 da 'yan kai, ban da nauyin roba. Naɗin da ya gaza haka da robarsa, a mayar wa mai shi. Kamfanoni irin su Coleman da Cutix da Nigerchin suna yin waya a cikin ƙasa, amma ana buga sunansu a jabu, don haka a saya a wurin dilansu a karɓi rasit. Araha ba ta ado, a waya kuwa tana iya cin gida.

Soket ɗin gida mai amf 13 ba a yi shi don irin wannan doguwar ja ba. In caja ta hannu za ka yi amfani da ita kullum, a ja mata layinta daban, a sa mata shuɗin soket na masana'anta mai amf 16 ko 32. Wayar ƙari da ake jonawa a ja zuwa waje kuwa, a bar ta gaba ɗaya.

Kayan kariya

Cajar tana buƙatar ƙaramin akwatinta. A ciki akwai bireka mai yanke mai wuta da nutural tare, amf 40 ga caja mai 32, amf 20 ga mai 16. Akwai RCD mai miliamf 30, wanda ke yanke wuta idan ta fara bi ta jikin mutum ko jikin mota. Nau'insa yana da muhimmanci. Mota na iya yoyon wutar DC, irin ta batir, wadda ke toshe RCD na gama-gari mai alamar AC har ya kasa faɗuwa lokacin da ake buƙatarsa. Ƙa'ida ita ce a sa Type A idan takardar cajar ta ce tana gane yoyon DC na miliamf 6 da kanta, in ba ta ce ba a sa Type B. Type B ya ninka Type A tsada sau da yawa, don haka caja mai wannan kariyar a cikinta takan fi araha in an haɗa lissafi.

Akwai abu biyu kuma da yanayin wutar ƙasarmu ya wajabta. Na farko, wanda ake kira SPD, yana shanye bugun tsawa da girgizar da ke zuwa idan an dawo da wuta. Na biyu shi ne mai gadin bolt, wanda ake saita shi ya yanke in wuta ta haura kamar 253 ko ta faɗi sosai, ya kuma jira 'yan mintuna kafin ya mayar. Aikinsu ba ɗaya ba ne. Idan nutural ya tsinke a turke, gida mai fes ɗaya na iya ganin abin da ya doshi bolt 400, kuma SPD ba ya tare wannan. Kuɗin su biyun bai kai ko kusa da na cajar cikin mota ba, wadda in ta ƙone sai an yi odarta daga waje.

Atin

Gidaje da yawa suna da koriyar waya a soket wadda ba ta je ko'ina ba. Kwan fitila da fanka ba su damu ba, amma caja tana dubawa kafin ta saki wuta, kuma jar fitilar da sabuwar caja ke nunawa galibi daga nan take. Wasu masu aiki sukan haɗa koriyar da nutural a bayan cajar don ta yi shiru. Wannan haɗari ne babba: ranar da nutural ya tsinke, jikin motar gaba ɗaya ya zama mai wuta, ga mutum tsaye a ƙasa ba takalmi yana wanke ta.

Abin da ake buƙata sandar atin ce mai rufin jan ƙarfe, tsawon ƙafa shida ko fiye, da maƙali mai kyau, da waya 16mm zuwa akwatin. A auna ta da na'urar auna atin, ba da kwan fitila ba. Na'urar tana nuna wuyar da wuta ke sha wajen shiga ƙasa da ma'aunin om, a nemi ƙasa da om 100, in an samu ƙasa da haka sosai ya fi. A ƙasa mai yashi ko tsakuwa sanda ɗaya ba ta kai wa, sai a ƙara ta biyu da ta uku, tazarar kowace ta kai tsawon sandar, a haɗe su. Gishiri da gawayi da aka saba zubawa suna sauke adadin da farko, amma gishiri yana cin sandar, damina kuma tana wanke shi. Yumɓun bentonait ya fi daɗewa. Awon da aka yi a Agusta ba shi ne na Maris ba, don ƙasa tana bushewa adadin ya hau.

Janareto da sola

A ɗauko layin cajar daga ɓangaren wutar kamfani, kafin makunnin da ke juya gida zuwa janareto ko inbata. In ba haka ba, da an ɗauke wuta motar za ta faɗa kan inbata mai kVA 5 da nauyin kilowat 7.4, ko ta tsotse batiran gida cikin awa ɗaya.

Caji da janareto na larura ne kawai. Ƙaramin janareton fetur da wuya ya ba da fiye da yunit 2 a lita, ke nan kilomita 100 zai ci kamar lita 9, abin da ya kai ko ya fi shan motar fetur. Na dizal yana ba da kamar yunit 3. Sola kuwa tana da riba a Arewa, inda kilowat ɗaya na faranti ke ba da yunit 4 da rabi zuwa 5 a rana. Yunit 9 na buƙatar faranti huɗu masu wat 550, biyar in an tuna da ƙurar hunturu. Sharaɗin shi ne motar ta kasance a gida da rana, a sassauta cajar zuwa amf 6 ko 10. Tara wutar a batir don a juye wa mota da dare yana nufin sayen ƙarin batir mai yunit 10, wanda zai fi duk sauran aikin tsada.

Yadda za a nemi farashi

Kada ka karɓi jimla ɗaya. Ka sa a rubuta maka kowane abu a layinsa: caja, waya da kaurinta da tsawonta da sunan kamfani, fayif ko kebul mai sulke, akwati da kayan kariya huɗun nan, sandunan atin, aikin birkila, rumfa in wurin ba inuwa, sai kuɗin aiki da na gwaji. Ka nemi haka daga mutum biyu ko uku da suka zo suka ga gidan da idonsu. Inda ɗaya ya fi sauran araha nesa, duba layin waya da na RCD. Mai aikin ya kasance yana da shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu aikin lantarki. Ɗan haya ya samu yardar mai gida a rubuce, har da batun wa ke da wayar in an tashi. A gidan da ake raba mita ɗaya, a sa wa cajar 'yar mitarta tun ranar farko.

Kuɗin wata-wata ma a lissafa shi. Yunit 9 a rana yunit 270 ne a wata. A farashin naira 209.5 da aka sa wa Band A a Yulin 2024, wannan naira 56,565 ne, da harajin VAT na kashi 7.5 ya kusa 61,000. Ka duba rasit ɗin katinka ka sa naka farashin. Motar fetur mai shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha lita 120 a wannan tafiyar ta kilomita 1,500.

A kafa cajar a tsayin kamar mita ɗaya daga ƙasa, a inuwa, inda bakin mota ba zai buge ta ba, wayar ta shigo mata ta ƙasa don kada ruwa ya bi ta ya shiga. Wadda za ta zauna a waje ta kai IP54 ko fiye a ma'aunin kariya daga ƙura da ruwa. Rana tsaka tana sa caja ta rage amf da kanta, don haka 'yar rumfar kwano ba ƙawa ba ce.

Kafin a biya cikon kuɗi, a gwada a gabanka: a auna rufin waya da na'urar gwaji a bolt 500, adadin ya haura megaom ɗaya, wato om miliyan ɗaya, awon atin a rubuce, RCD ya faɗi cikin milisakan 300. Sannan a jona motar a cikakken amf na awa guda, a auna zafin bireka da mahaɗai. Ɗumi ba laifi, zafin da hannu ba ya jurewa ko warin roba alamar kusar da ba ta ɗauru ba ce. Sako-sako na om 0.05 kacal, a amf 32, yana haifar da wat 51 na zafi a wuri kamar ƙwayar wake. Jan ƙarfe yana ɗan saki bayan ya sha zafi da sanyi, saboda haka mai aikin ya dawo bayan wata guda ya kashe wuta ya sake ɗaure kowace kusa, ya kuma sake auna atin idan rani ya yi tsakiya.